Shin Kirista zai iya zama Duruwid? Fashin baƙi kan wata tsohuwar muhawara ta Birtaniya

Shin mutum zai iya zuwa coci ranar Lahadi ya karɓi Jibin Ubangiji, sannan wata asubar ya zura farar riga har ƙasa, ya tsaya cikin da'irar duwatsu tare da 'yan Duruwid yana jiran fitowar rana? Tambayar takan taso wajen 21 ga Yuni, ranar da yini ya fi tsawo a Turai, lokacin da kafofin labarai ke yaɗa hotunan dubban mutane a Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu da ke kudancin Ingila. Wani lokacin kuma a tono hoton Rowan Williams na shekarar 2002, sanye da farar riga da farin lulluɓi a ka, a rubuta a ƙasa cewa shugaban Cocin Angilika ya shiga maguzanci. Da yake Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan mabiya wannan ɗarika, irin wannan hoto ba ya rasa masu tayar da jijiyar wuya a kansa.

Matsalar ita ce ana yi wa abubuwa uku kuɗin goro. Akwai Duruwid na zamanin da, waɗanda suka shuɗe fiye da shekara dubu. Akwai ƙungiyoyin al'ada da zumunta da suka ari sunan tun ƙarni na 18. Akwai kuma masu bin Duruwidanci a matsayin hanyar ibada a yau. Amsar tambayar ta dogara ne da wanne ake nufi, kuma ko a cikin na ukun ma kawunansu ba a haɗe suke ba.

Su wane ne Duruwid na asali?

Malamai ne kuma limamai na al'ummomin Kelt da suka zauna a Faransa ta yanzu da Birtaniya da Ireland kafin zuwan Kiristanci. Ba su bar rubutu ko layi ɗaya na koyarwarsu ba. Duk abin da ake da shi ya fito ne daga bakin wasu, kuma yawancin waɗannan wasun abokan gabarsu ne.

Yuliyas Kaisar, janar ɗin Rum wanda ya ci yankin Faransa da yaƙi wajen shekara 50 kafin miladiyya, ya ce su ke yanke shari'a, su ke koyar da matasa, ba sa zuwa yaƙi, ba sa biyan haraji, kuma almajirinsu yakan kai shekara 20 yana hadda domin sun hana a rubuta karatun. Ya ce sun yi imani rai yana barin wani jiki ya shiga wani bayan mutuwa, kuma suna hadaya da mutane. Wani marubucin Rum, Pliny, shi ya ba da hoton da ya maƙale a kan mutane har yau: limami cikin fararen kaya yana hawa itacen oak ya yanko kauci da laujen zinariya. Marubucin tarihin Rum Tacitus kuma ya ba da labarin yadda sojojin Rum suka afka wa tsibirin Anglesey a Wales wajen shekara ta 60 miladiyya, suka sare kurmin da ake ibada a ciki.

Mai karatu ya lura cewa janar ɗin da ke neman hujjar mamaya ba shi ne shaidar da za a rufe ido a gaskata ba. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, wanda ya daɗe yana bin wannan batu, ya nuna cewa abin da za a iya tabbatarwa game da su bai taka kara ya karya ba. Kowane zamani sai ya zana nasa Duruwid ɗin. Hatta Stonehenge ba su suka gina ta ba. An fara aikinta wajen shekara 3000 kafin miladiyya, dubban shekaru kafin a ji ɗuriyarsu a tarihi.

A Ireland sun fi daɗewa, domin Romawa ba su mallaki tsibirin ba. A can Kiristanci ne ya maye gurbinsu. Tarihin Waliyyi Patrick, mai yaɗa Kiristanci a Ireland, da wani malamin coci mai suna Muirchú ya rubuta a ƙarni na 7 ya nuna su a matsayin matsafan sarki, waɗanda suka yi gasar mu'ujiza da Patrick bayan ya kunna wutar Ista ba da izinin fada ba, suka sha kaye. Abin mamakin shi ne tatsuniyoyin Ireland na kafin Kiristanci, waɗanda 'yan Duruwid na yau ke karantawa da ɗoki, sufayen coci ne suka zauna suka rubuta su.

Limaman coci ne suka tono su daga kabari

Nan ne yawancin masu gardama ke yin tuntuɓe. Duruwidancin zamani bai gangaro a ɓoye daga kakanni ba. A hannun Kiristoci aka haife shi.

A 1723 wani limamin Angilika a Anglesey, Henry Rowlands, ya wallafa cewa Duruwid sun gaji addininsu ne daga zuriyar Annabi Nuhu. Bayansa William Stukeley, likita wanda ya zama limamin Cocin Ingila a 1729, ya auna Stonehenge da wata da'irar duwatsun da ke Avebury da kansa, ya fitar da littattafai a 1740 da 1743. Ra'ayinsa shi ne Duruwid mabiya addinin Annabi Ibrahim ne, masu kaɗaita Allah, waɗanda ke jiran Almasihu tun bai zo ba. Wato a wurinsa kakannin Ingilishi kusan Kiristoci ne tun kafin bishara ta iso. Awon duwatsun da ya yi har yau masu tonon tarihi na amfana da shi. Tauhidin da ya jingina wa Duruwid kuwa shaci-faɗi ne, amma ya yi wa mutanen zamaninsa daɗi, domin wace al'umma ce ba ta son a ce kakanninta masu hikima ne?

Daga nan sai ƙungiyoyi. A 1781 aka kafa Ancient Order of Druids a wani gidan shaye-shaye a Landan. Ƙungiyar zumunta ce ta maza, ana cin abinci ana waƙa, ana tara kuɗi don taimakon memban da ya kwanta ciwo ko iyalan wanda ya rasu. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya shiga cikinta a 1908, kuma babu wanda ya ce ya bar coci.

Sai kuma mutumin da ya fi kowa tasiri, Edward Williams, magini daga Wales wanda aka fi sani da Iolo Morganwg. Ya rayu daga 1747 zuwa 1826. Mawaƙi ne mai baiwa, kuma gwanin ƙirƙirar takardun jabu. Ya yi iƙirarin cewa mawaƙan yankinsu sun adana sirrin Duruwid ba yankewa, ya fito da "tsofaffin" rubuce-rubucen da shi ne ya rubuta su da hannunsa. A 1792 ya jera 'yan duwatsu a da'ira a kan tudun Primrose Hill a Landan, ya gudanar da taron farko na majalisar mawaƙa da ya kira Gorsedd. A 1819 aka haɗa ta da Eisteddfod, bikin waƙa da adabi na Wales. Sai a ƙarni na 20 masana suka bankaɗo jabun nasa, lokacin kuwa abin ya riga ya yi saiwa. Shi kansa Iolo ɗan ɗarikar Yunitariyan ne, masu cewa Allah ɗaya ne ba tare da aƙidar Uku-Cikin-Ɗaya ba, kuma Duruwid ɗin da ya ƙirƙiro sun yi kama da shi ƙwarai.

Abin da ya faru a 2002

Wannan Gorsedd ɗin ce Rowan Williams ya shiga a watan Agustan 2002 a St Davids, makonni kaɗan bayan an sanar da cewa shi zai zama Akbishop na Canterbury, wato shugaban Cocin Angilika. A lokacin shi ne Akbishop na Wales, yana jin yaren ƙasar, mawaƙi ne, ya kuma fassara waƙoƙin yaren zuwa Turanci. Saboda wannan hidima aka karrama shi.

Ga yadda bikin yake. Ana taruwa a cikin da'irar duwatsu, membobi sanye da riguna farare ko shuɗɗa ko kore. Shugaban, wanda ake kira Babban Duruwid, yana tsaye a kan wani faffaɗan dutse. Ana ɗaga wani ƙaton takobi a zaro shi rabi daga kube, ba a taɓa zare shi duka. Shugaban ya tambaya da yaren Wales, "Akwai zaman lafiya?" Jama'a su amsa, "Zaman lafiya!" Sai a mayar da takobin. 'Yan mata ƙanana su yi rawar furanni, a rera waƙar coci, a karanta addu'a. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe kujerar Babban Duruwid fastoci ne, irin su Cynan, limamin Firesbiteriyan da ya riƙe ta har sau biyu. Sarauniya Elizabeth ta biyu ma an shigar da ita a 1946 tun tana gimbiya. Akwai 'yan wasan rugby da mawaƙa da malaman makaranta a cikin membobin. Abin ya fi kama da naɗin sarautar gargajiya: an naɗa wa mutum rawani don ya yi wa garinsu hidima, ba a tambaye shi ya sauya alƙibla ba.

Duk da haka wasu limaman Angilika masu tsananin riƙo da nassi, musamman na ƙungiyar Reform, sun soki matakin. Hujjarsu ba ta wofi ba ce. Sun ce ko da babu tsafi a ciki, shugaban coci ya kamata ya yi la'akari da yadda mai kallo daga nesa zai fassara hoton. Williams ya mayar da martani cewa danganta Gorsedd da maguzanci cin fuska ne ga mutanen Wales da ke cikinta. A ganina ya fi su gaskiya a kan abin da bikin yake, su kuma sun fi shi gaskiya a kan abin da hoto ke iya yi, tunda ga shi har yau ana ta yawo da shi.

Inda hanya ta rabu

Duruwidanci a matsayin ibada ya ɗauki kamanninsa na yanzu ne daga shekarun 1960. A Amurka farkonsa ma abin dariya ne. A 1963 ɗaliban Kwalejin Carleton a jihar Minnesota suka gaji da dokar da ta tilasta musu halartar taron ibada, sai suka kafa Reformed Druids of North America don su ce ai su ma suna da nasu addinin. Kwalejin ta soke dokar a shekarar da ta biyo baya, amma wasunsu suka ƙi dainawa, wasa ya zama gaske.

A Ingila, Ross Nichols ya kafa Order of Bards, Ovates and Druids, wadda aka fi sani da OBOD, a 1964. Nichols yana ɗaukar kansa Kirista, amma abokin Gerald Gardner ne, wanda ya assasa Wicca, wani addinin maguzanci na zamani, kuma daga wannan zamani ne aka samu jerin bukukuwa 8 na shekara da ke bin juyin rana da lokutan noma. Bayan rasuwarsa a 1975 ƙungiyar ta yi sanyi, sai Philip Carr-Gomm ya farfaɗo da ita a 1988 ta hanyar aika darussa ta gidan waya. Tun 2020 wata 'yar Ireland, Eimear Burke, ke jagorantarta. OBOD ba ta da shaidar bangaskiya da ake tilasta wa kowa. Tana cewa ƙofarta a buɗe take ga Kirista da mabiyin Buda da mai bautar alloli da yawa da wanda bai yarda da kowane allah ba.

Wasu kuwa ba su yi wannan kara ba. Ƙungiyar 'yan Duruwid ta ADF da Isaac Bonewits ya kafa a Amurka a 1983 ta fito fili ta ce alloli da yawa take bautawa, tana kai musu baiko. A 2010 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta yi wa The Druid Network rajista a matsayin ƙungiyar addini, bisa cewa girmama ruhohin da suke gani a cikin halitta ibada ce.

Wanda ke son ganin wannan sauyi a wuri guda, ya dubi addu'ar da Iolo ya tsara, wadda Gorsedd da ƙungiyoyin ibada da dama ke karantawa har yau. Ta fara da roƙon Allah ya ba da kariya, a cikin kariya ƙarfi, a cikin ƙarfi fahimta, a cikin fahimta ilimi, haka dai har ta kai ga ƙaunar dukkan halitta da ƙaunar Allah. A Gorsedd ta Wales an bar ta yadda take. A tarukan ibada na zamani kuwa layin farko ne ake sauyawa: wasu su ce "Ya allah da allahiya", wasu su ce "Ya Ruhu", wasu su yi jam'i. Sauran addu'ar ba ta canja ba, rigunan ma ba su canja ba. A nan gizo ke saƙar, domin Kirista zai iya cewa amin ga ta farkon ba tare da wani ɗar-ɗar ba, amma ta biyun ta taɓa dokar farko cikin Dokoki Goma.

Masu cewa ana iya haɗawa

Kiristocin da ke kiran kansu Duruwid sukan ce su ba addini suka ƙara ba, hanyar horar da kai suka samu: zama shiru a kurmi, lura da juyin yanayi, waƙa da ba da labari, neman ilhamar da suke kira awen. Suna kafa hujja da Zabura ta 19, inda aka ce sammai suna bayyana ɗaukakar Allah, da Zabura ta 148 da ke kiran rana da wata da duwatsu da itatuwa su yabi Ubangiji. Suna ambaton Waliyyi Faransis na Assisi, wanda ya kira rana ɗan'uwa, da wasiƙar Fafaroma Faransis ta 2015 kan kula da muhalli. Suna kuma tuna cewa a 601 Fafaroma Gregory ya umarci masu wa'azi a Ingila kada su rushe ɗakunan bautar mutanen ƙasar, su tsarkake su su mayar da su coci. A Ireland ranar Waliyyiya Brigid, 1 ga Fabrairu, ta faɗo daidai da tsohon bikin Imbolc, kuma akwai allahiyar gargajiya mai wannan suna. Mark Townsend, wanda ya yi shekaru yana limanci a Cocin Ingila kafin ya bar aikin ikilisiya, yana cikin fitattun masu wannan ra'ayi, kuma memba ne na OBOD.

Hujjarsu ta yabon Allah ta hanyar halittarsa tana da tushe a Littafi Mai Tsarki. Inda ta yi rauni shi ne tarihi. Labarin cewa Duruwid sun rungumi Kiristanci hannu bibbiyu, suka zama sufaye, aka samu wani "Cocin Kelt" mai zaman kansa da ke son itatuwa, yawancin masana tarihi ba su yarda da shi ba. Kiristocin Ireland da Wales na wancan zamani suna ɗaukar kansu 'yan coci ɗaya da na Rum, bambancinsu a kan abubuwa ne kamar lissafin ranar Ista da askin sufaye. Akwai wani baiti da ake jingina wa Waliyyi Columba, wanda ya kafa gidan sufaye a tsibirin Iona a 563, inda ya ce Duruwid ɗinsa shi ne Kristi Ɗan Allah. Ana yawan kawo shi a matsayin shaidar jituwa. Amma baitocin da ke gabansa suna cewa ne mai waƙar ba ya camfi da kukan tsuntsu ko atishawa ko ƙuri'a. Wato yana cewa ba ya bukatar mai duba tunda yana da Kristi.

Masu cewa ba ta saɓuwa

Daga ɓangaren coci, ana kawo Fitowa 20:3 da ta hana wasu alloli, da Romawa 1:25 da ta zargi masu bauta wa halitta su bar Mahalicci, da Kubawar Shari'a sura 18 da ta hana duba da neman matattu. Wannan ta ƙarshen ta shafi aiki kai tsaye, domin mataki na biyu a karatun OBOD ya ƙunshi duba da tsofaffin haruffan ogam da kuma hulɗa da kakanni. Sai batun mutuwa. 'Yan Duruwid da yawa sun yarda rai yana dawowa a wani jiki, Ibraniyawa 9:27 kuwa ta ce sau ɗaya mutum ke mutuwa sai shari'a. Akwai kuma zunubi da ceto, waɗanda su ne ginshiƙin Kiristanci, amma ba su da gurbi a Duruwidanci. A 2003 fadar Vatican ta fitar da takarda tana gargaɗin mabiyanta game da sababbin hanyoyin ruhaniya da ke mayar da Allah wani ƙarfi da ke cikin halitta.

Ba coci kaɗai ke ƙorafi ba. Akwai 'yan Duruwid da suka baro coci da ciwo a zuciya, kuma ba sa son jin sunan Yesu a da'irarsu. A wurinsu addinin da ya kawar da na kakanninsu ba shi da hurumin dawowa ya zauna a tabarmarsu. Don haka Kirista Duruwid yakan sha kallon hadarin kaji ta kowane gefe.

Yadda abin ke shafar mutane

Adadin ba shi da yawa. A ƙidayar 2011 mutum 4,189 ne suka rubuta Duruwid a matsayin addininsu a Ingila da Wales. Abin da ke ba batun nauyi shi ne yanayin da yake ciki. Masu kiran kansu Kirista sun sauko daga kashi 59.3 cikin ɗari a 2011 zuwa 46.2 a 2021, marasa addini sun kai kashi 37.2, masu bin addinan maguzanci na zamani kuma sun tashi daga kusan 57,000 zuwa 74,000. Mutane na barin bencin coci, wasunsu kuma ba sun daina neman Allah ba ne, a daji suke nemansa. Wasu Kiristoci sun amsa wannan da tsarin da ake kira Forest Church, wanda ya fara yaɗuwa wajen 2012, inda ake yin sujada a fili ƙarƙashin itatuwa, ana bin lokutan shekara, amma da sunan Kristi ake addu'a.

Ga ɗan coci na gama-gari, da wuya wani ya tuhume shi don ya yi karatun OBOD a ɗakinsa. Limami kuwa ya yi rantsuwa a kan aƙida. A 2004 an gano wasu limamai biyu na Cocin Episkofal, reshen Angilika na Amurka, miji da mata, a jihar Pennsylvania ta Amurka suna jagorantar wata ƙungiyar Duruwid da tsara addu'o'inta. Ƙura ta tashi, suka nemi gafara a rubuce, mijin ya ajiye aikinsa na ikilisiya.

Sauran rikicin a cikin gida yake tasowa, wajen aure da jana'iza: uwa na son fasto, ɗiya na son a ɗaura hannuwanta da na angonta da igiya a cikin da'ira. A Scotland doka ta amince wa limaman addinan maguzanci da aka yi wa rajista su ɗaura aure. A Ingila da Wales kuwa irin wannan biki na fili shi kaɗai ba ya zama aure a idon hukuma, sai ma'auratan sun je ofishin rajista, abin da hukumar bitar dokoki ta ba da shawarar a gyara a 2022. Gidajen yarin Ingila ma suna da limaman maguzanci da ke ziyartar fursunoni, kuma a ofis ɗaya suke aiki da fasto da limamin Musulmi.